Me Ke Sa Kwamfuta Ɗaukewa Idan Aiki Ya Yi Mata Nauyi?

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne, ko a shagon buga takardu ko a wurin masu tura fina-finai. Kwamfuta tana aiki lafiya ƙalau muddin rubutu ake yi ko kallo. Da zarar an sa ta haɗa bidiyon biki, ko an buɗe wasa mai nauyi, ko injin fotokwafi ya tashi a kusa da ita, sai ta ɗauke ɗif. Babu gargaɗi, babu saƙo a fuskarta. Wani sa'in ta sake tashi da kanta, wani sa'in kuma ko an danna maɓalli ba ta motsi sai an zare waya an ɗan jira.

A wuri irin Zinyau, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Rano, da garuruwan Kibiya maƙwabciyarta, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Sau da yawa kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da shago: ita ke buga takardar neman aiki, ita ke gyara hoton fasfo, ita ke fitar wa ɗalibi takardar jarrabawa. Kai ta gyara cikin birnin Kano kuwa wuni guda ne da kuɗin mota zuwa da dawowa, kuma ba lallai ta nuna halinta a gaban mai gyara ba, tunda wutar shagonsa daban ce da ta mai ita. Bayani uku ke yawo a bakin jama'a. Wasu su ce bairos ne, wasu su ce wutar NEPA ce, wasu su ce fawa-fak ya mutu. Na farko kusan kullum kuskure ne. Sauran biyun kowanne na iya zama gaskiya, kuma akwai na huɗu da ake yawan mantawa da shi, wato zafi.

Kalmomin da ya kamata a fara sani

Fawa-fak suna ne da masu gyara suka aro daga Turanci. Shi ne akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke bayan kwamfutar tebur, inda wayar wuta ke shiga, kuma a nan za a riƙa kiran sa akwatin wuta. Yana karɓar wutar gida, wadda ma'auninta a Najeriya bolt 230 ne kuma tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, ya mayar da ita ƙaramar wuta mai bin hanya ɗaya irin ta batir. Kashi uku yake fitarwa: bolt 12 a wayoyi masu ruwan ɗorawa, bolt 5 a jajaye, bolt 3.3 a masu ruwan lemo. Baƙaƙen su ne hanyar komawa. Wannan tsari, da ake kira ATX, kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995, kuma a kansa mafi yawan kwamfutocin tebur suke har yau.

Wanda ya san injin ban ruwa a noman rani ba zai sha wuya wajen gane awon wuta ba. Bolt kamar ƙarfin turin ruwa ne a cikin mesa. Amfiya ita ce yawan ruwan da ke wucewa. Wat shi ne aikin da suke yi tare, kuma ana samun sa ne idan an ninka bolt da amfiya. Lodi kuma nauyin da aka ɗora wa akwatin ne. Masu cin wuta da yawa biyu ne: furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da katin hoto, wanda ke zana abin da ake gani a wasa ko bidiyo. Dukansu daga layin bolt 12 suke sha, kuma abin da suke ja lokacin aiki mai nauyi yana ninka na lokacin hutu sau da yawa. Sai kafasita, wanda masu gyaran fanka ke ce wa kwandansa: ɗan gwangwani ne mai ajiye wuta na ɗan taƙaitaccen lokaci don ya cike giɓi.

Ɗaukewa ba mutuwa ba ce

Abin da ke rikita mutane shi ne zaton cewa akwatin da ya kashe kansa ya lalace. Akwatin wuta na kirki yana da masu gadi a cikinsa. Akwai mai kula da kada amfiya ta wuce ƙima, akwai mai kula da jimillar wat, akwai mai lura da hawa ko faɗuwar bolt, akwai na zafi, akwai na haɗuwar waya. Kowanne ya ga haɗari, sai ya yanke wuta nan take, kafin uwar allon kwamfuta, wato babban allon da sauran kayan ke jone a kansa, ta ƙone. Saboda haka ɗaukewa a tsakiyar aiki tana iya nufin akwatin ya gaji, tana iya nufin kuma lafiyarsa ƙalau, an dai ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ko an ba shi wutar da ba zai iya aiki da ita ba. Abin tsoro na gaske shi ne akwati mai arha da ba shi da waɗannan masu gadi: shi ba ya ɗaukewa, yana jurewa har ya yi hayaƙi, ya tafi da abin da ke jone da shi.

Wutar da ke shigowa daga waje

Yawancin shawarwarin da ke intanet an rubuta su ne a Turai da Amurka, inda mai rubutu ya ɗauka wutar bango tsayayya ce, shi ya sa ba sa wuce "sayi akwati mai wat da yawa". A kudancin Kano bincike daga bango ya kamata ya fara.

Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun watan Nuwamban 2013, ko da yake baki bai daina cewa NEPA ba. A kowane layi mai tsawo na karkara, gwargwadon nisan gida daga taransifoma da yawan masu ja, gwargwadon raguwar bolt. Shi ne abin da ake kira lo-karan ko rabin wuta, kuma ya fi tsananta da almuru, ko lokacin da injin niƙa ko na walda ya tashi a layi ɗaya. Idan bolt ya ragu, dole akwatin wuta ya ja amfiya mai yawa don ya cika wat ɗin da ake nema. Lokacin rubutu ba ya jin wannan, domin buƙatar kaɗan ce. Lokacin aiki mai nauyi ne yake kasawa. A nan rubutun da ke jikinsa yana da amfani: wanda aka rubuta wa bolt 100 zuwa 240 yana jure rabin wuta sosai, wanda aka rubuta wa 200 zuwa 240 kuwa saurin sarewa yake yi. Tsofaffin kwamfutocin gwanjo na Amurka wasunsu suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Idan aka bar shi a 115 aka jona a wutarmu, ƙara ɗaya za a ji.

Akwai kuma ƙiftawar wuta. Ƙa'idar ATX ta buƙaci akwati ya iya riƙe kwamfuta na kimanin kashi 16 zuwa 17 cikin dubu na daƙiƙa bayan wuta ta yanke, daga ajiyar babban kafasitansa. Ajiyar nan tana daɗewa idan lodi kaɗan ne, tana saurin ƙarewa idan lodi ya yi yawa, tana kuma raguwa da tsufa. Wannan ne bayanin abin da ke ba masu shago mamaki: ƙwan fitila ya ɗan ƙifta, kwamfutar da ke zaune ba ta ko ji ba, amma wadda ke haɗa bidiyo ta ɗauke. Stabilaiza mai ƙas-ƙas, wadda ke sauya mataki idan wuta ta hau ko ta sauka, ita ma tana iya haifar da irin wannan giɓi.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da kuma duhun da mafi yawan jihohin Arewa suka shafe fiye da mako suna ciki a ƙarshen Oktoban 2024, shaguna da dama sun raba ƙafa tsakanin janareto da sola. Kowanne da nasa halin. Ƙaramin janareto irin na shago bai kai wat dubu ba, alhali firinta mai hoda da injin fotokwafi suna da abin ɗumama takarda da ke fizgar ɗaruruwan wat a lokaci ɗaya, wani ma ya haura dubu. Inji ya yi nishi, wuta ta faɗi, kwamfuta ta tafi, sai a ɗora wa akwatinta laifi alhali ba shi da hannu.

A ɓangaren sola, inbata ce ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida. Masu arha suna fitar da wuta mai gaɓa-gaɓa maimakon mai santsi, kuma wasu akwatunan zamani ba sa shiri da ita idan lodi ya hau. Sannan lissafi ba ya ƙarya: wat 400 daga batir mai bolt 12 ya haura amfiya 33. Siririyar waya ko batirin da ya kwana biyu ba za su iya ba, sai inbata ta yi kuka ta kashe kanta. UPS, ƙaramin akwatin batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, shi ma yana da tarko. Lambar da ke jikinsa VA ce, ba wat ba. Mai VA 650 abin da yake ɗauka bai cika kai wat 400 ba.

Lissafin wat da rubutun jikin akwati

Kwamfutocin da suka fi yawa a kasuwanninmu na ofis ne da aka gama amfani da su a waje, na Dell da HP da Lenovo. An ƙera akwatunansu daidai aikin ofis, ba ƙari. Misali, Dell OptiPlex 7010 ƙarama wat 240 ne da ita, doguwar kuma 275. A ɗauki doguwar da furosesa Core i5-3470 mai wat 77, a saka mata katin hoto RX 580 mai wat 185 don wasa ko gyaran bidiyo. Biyun kaɗai sun kai 262, ba a lissafa faifan ajiya da fankoki da uwar allo ba. Rubutu za ta yi lafiya. Wasa kuwa minti kaɗan ne. Masu ƙera katin da kansu akwatin wat 500 suka ba da shawara. Da yake akwatin ofis ba shi da bakin wayar da katin ke buƙata, sai a sayo 'yar mahaɗa a ja daga bakin wayar faifan ajiya, wanda aka yi don kimanin wat 54, alhali bakin katin mai rami takwas an yi shi ne don wat 150. Irin wannan mahaɗa ce ake tarar da ita ta narke.

Babbar lambar da ke jikin kwali ma ba abin dogaro ba ce. Abin dubawa shi ne layin bolt 12 a ɗan teburin da ke manne a gefen akwati. Idan an rubuta wat 500 da manyan baƙaƙe, amma a ƙarƙashin bolt 12 amfiya 18 ce, to ainihin abin da furosesa da katin hoto za su samu wat 216 ne. Akwatin da aka ɗaga aka ji shi shafal kamar gwangwanin madara ya riga ya faɗi gaskiyarsa. Tambarin 80 Plus, wanda aka fara a 2004, yana nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta shiga tana fita a matsayin aiki, saura ta zama zafi. Awon tsimi ne, ba shaidar ƙarko ba, kuma kwalin jabu ma yana iya ɗauke da shi. Amma yana tuna mana wani lissafi: kwamfutar da ke cin wat 300 a ciki tana jan kusan 375 daga bango, kuma wannan ce lambar da janareto da UPS ke gani.

Manyan katunan hoto na zamani suna da wata ɗabi'a ta daban. Suna fizgar wuta ninkin abin da aka rubuta musu na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sai mai gadin akwati ya zaci haɗari ne ya yanke. An sha ganin haka da katunan RTX 3080 da 3090 bayan fitowarsu a 2020, kuma ƙa'idar ATX 3.0 ta 2022 ta tanadi cewa manyan akwatuna su jure irin wannan fizga. Masu irin waɗannan katuna a karkara kaɗan ne, sai dai gwanjon jiya shi ne sabon gobe a kasuwarmu.

Zafi, ƙura da tsufa

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma shago mai rufin kwano ya fi waje zafi. Akwatuna masu arha sau da yawa a digiri 25 aka auna ƙarfinsu, don haka a bazara ba sa ba da abin da aka rubuta. Kafin bazara kuma hunturu ya riga ya cika fanka da haƙarƙarin sanyaya da ƙura, ban da gizo-gizo da kyankyasai da ke son ɗumin ciki. Kafasita mai ruwa a ciki yana bushewa da zafi, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, kowane ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa biyu. Wanda ya gaji yakan kumbura a ka ko ya zubo da wani abu ruwan ƙasa. An taɓa yin annobar irin waɗannan kafasitoci a farkon shekarun 2000, wadda ta shafi kwamfutoci irin su OptiPlex GX270 da GX280.

Furosesa ma yana da nasa mai gadin. Idan ya doshi digiri 100 zai rage gudu, idan abin ya ci tura ya kashe kwamfutar gaba ɗaya. Daga waje wannan da ɗaukewar akwatin wuta kamar an tsaga kara suke. Dalilinsa yawanci ƙura ce, ko fankar da ta tsaya, ko man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa ya bushe ya zama kamar alli. Maganinsa bai kai kuɗin motar zuwa Kano ba.

Yadda ake rarrabe mai laifi

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, a lura da yadda take ɗaukewa. Idan shuɗin allo mai rubutu ne ke fitowa, hankali ya koma kan manhaja ko ram, wato ma'ajiyar wucin gadi. Idan sai an yi minti goma ko ashirin ana aiki, fanka na gurnani, sannan ta ɗauke, kuma karo na biyu ya fi saurin zuwa, zafi ne. Idan a daidai lokacin da aiki mai nauyi ya fara take yankewa, kuma ba ta tashi sai an zare waya, alama ce mai gadin akwati ya kulle shi. Idan tana tafiya tare da dushewar ƙwai ko nishin janareto, a nemi laifin a waje. Windows yakan rubuta lamba 41 a kundin abubuwan da suka faru, a ƙarƙashin Kernel-Power, amma iyakar abin da take faɗi shi ne kwamfuta ta mutu ba a kashe ta bisa ƙa'ida ba. Ba ta nuna mai laifi.

Daga nan sai a riƙa canja abu ɗaya-ɗaya, ana farawa da wanda ba ya cin kuɗi. A cire doguwar wayar jone-jone a sa kai tsaye a soket, a canja wayar wutar kanta, a kashe firinta da fotokwafi, a sake gwada aikin nan da ke kashe ta. A kai ta wani shago mai wuta daban. In ta yi aiki a can, magana ta ƙare. In ba ta yi ba, a buɗe murfin gefe, a hure ƙura da bulowa, a danna kowane bakin waya ya zauna daram, a duba ko akwai wanda ya yi baƙi, sannan a sa fankar tebur ta hura ciki. Manhajar HWMonitor ko HWiNFO tana nuna zafin furosesa da na katin hoto yayin aiki.

Mai mitar awon bolt zai iya auna tsakanin waya mai ruwan ɗorawa da baƙa lokacin da kwamfuta ke cikin aiki. Ƙa'ida ta yarda da bolt 11.4 zuwa 12.6, a layin 5 kuma 4.75 zuwa 5.25. Faɗuwa ƙasa da haka hujja ce a kan akwatin. Sai dai awo mai kyau ba ya wanke shi, domin mita ba ta da saurin kama fizga. Manhajar Prime95 tana matsa wa furosesa shi kaɗai, manhajar FurMark kuma tana matsa wa katin hoto shi kaɗai. Idan kowane gwaji ya wuce lafiya amma haɗa su ya kashe ta, jimillar wat ce ta gaza.

Akwai gwajin da ake yawan yi a kasuwa: a haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan ƙarfe, fanka ta juya, a ce wa mai saye "ga shi nan yana aiki". Abin da wannan ke tabbatarwa kawai shi ne akwatin yana tashi ba tare da kaya ba. Jakin da ya miƙe tsaye ba shi ne ya kai mangala kasuwa ba. Gwaji mafi yanke shakka shi ne a aro akwati mai lafiya, mai isasshen ƙarfi, a saka a gani. A kula kawai: wasu Dell da HP na baya-bayan nan bakin wayarsu na musamman ne, akwatin gama-gari ba ya shiga.

Inda ra'ayoyi suka sha bamban

Masu cewa a goge Windows a sake zubawa su ne suka fi yawa, kuma su ne suka fi nesa da gaskiya. An bar jaki ana dukan taiki. Iyakar alaƙar bairos da lamarin ita ce wani irinsa yana sa furosesa aiki a ɓoye, ya tona raunin da ke nan tun da.

Tsakanin gyara da sauyawa kuwa kowa na da hujja. Masu gyaran rediyo da talabijin suna iya canja kafasitan da ya kumbura da kuɗi kaɗan, kuma ga akwati na asali mai bakin waya na musamman wannan hanya ce mai ma'ana. Masu adawa suna cewa idan ɗaya ya gaji sauran ma suna hanya, kuma gyara ba ya ƙara wa akwatin wat 275 ko wat ɗaya. Duka biyun gaskiya ne, ya danganta da abin da gwaji ya nuna. Abin da bai kamata a yi jayayya a kansa ba shi ne haɗari: babban kafasita yana riƙe bolt 300 zuwa 400 ko bayan an zare waya, don haka buɗe akwatin aikin gwani ne. Ɗaure fis da zaren waya, ko cire mai gadi don "ta daina ɗaukewa", cinna wa shago wuta ne da hannu.

Wasu kuma suna ganin mafita ita ce komawa kwamfutar tafi-da-gidanka, tunda batirinta yana shanye ƙiftawar wuta kuma wat 45 zuwa 90 ya ishe ta, abin da ƙaramar sola ke iya ɗauka. Ga aikin rubutu da intanet hujjarsu tana da ƙarfi. Amma ita ma idan batirinta ya mutu kuma cajarta jabu ce ko ƙarama, haka take ɗaukewa a tsakiyar aiki.

Abin da sakaci ke jawowa

Kowace ɗaukewa tana iya samun faifan ajiya a tsakiyar rubutu. Yau takarda ɗaya ce ta ƙi buɗewa, gobe Windows ne ya ƙi tashi, wata rana hotunan bikin mutane ne gaba ɗaya. Akwatin da bolt ɗinsa ke rawa yana gajiyar da uwar allo a hankali, har kuɗin gyara ya ninka na akwatin da aka ƙi saya. Mai sayen sabo ya haɗa wat ɗin furosesa da na katin hoto, ya ƙara kimanin 50 na sauran kaya, sannan ya bar sarari na kusan kashi ɗaya cikin uku saboda zafin bazara da tsufa, yana duba layin bolt 12 ba kwali ba. Firinta mai hoda da fotokwafi kuma a raba musu hanya da kwamfuta, kada su hau UPS ɗaya, kuma a ƙaramin janareto kada a tashe su lokacin da take tsakiyar haɗa bidiyo.